Nana Asma'u 'yar Shehu: malamar da karatunta ba ya zubewa

Idan ana lissafin manyan malaman ƙasar Hausa, sunan Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba ya faɗuwa. Sai dai yawanci abin da ake faɗi a kanta bai wuce abu uku ba: 'yar Shehu ce, ta san harsuna huɗu, ta yi waƙoƙi. Daga nan sai a yi mata addu'a a wuce. Ni kuwa da nake malamin firamare a nan Ladjifarani, abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne aikinta na malanta. Ta ɗauki matan ƙauye waɗanda da yawansu ba su taɓa riƙe alƙalami ba, ta sa musu ilimi a ka ya zauna, suka kai wa wasu, abin ya rayu bayanta fiye da shekara ɗari. Duk wanda ya ga yadda yaran CE2 ke dawo mana daga dogon hutu a watan Satumba, kai kamar allon da aka wanke, shi zai san girman wannan aiki.

An haife ta a Degel, cikin ƙasar Gobir, a shekarar 1793. 'Yan biyu ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada da Hassana ko Husaina za a kira ta, amma Shehu ya raɗa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tana ƙarama, sai ta tashi a hannun sauran matan Shehu. Degel a lokacin ƙauye ne na malamai da almajirai, kuma gidan Shehu gida ne da mata ke karatu kamar yadda maza ke yi. Shi kansa Shehu, a littafinsa Nurul Albab, ya yi kakkausar suka ga malaman da ke tara almajirai a zaure suna bar wa matansu da 'ya'yansu mata jahilci a cikin gida. To a irin wannan gida ta fara da allo da tawada kamar kowane yaro, ta haddace Alƙur'ani, ta shiga littattafai, ta iya Larabci bayan Fulatancin gida, ta iya Hausa, ta kuma iya yaren Buzaye.

Tana da shekara goma sha ɗaya aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, a watan Fabrairu na 1804. Daga nan yarintarta ta koma ta sansani: yau a nan, gobe a can, ga yunwa, ga zazzaɓi, ga yaƙi. An ci nasara a Tabkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara, amma kafin shekarar ta fita aka yi mummunar asara a Tsuntsuwa. Tarihi ya ruwaito cewa cikin waɗanda suka kwanta dama a wannan rana akwai mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. Ka tsaya ka yi lissafi, mai karatu. Kowane ɗaya daga cikinsu ya kwashe shekaru yana biya, yana tilawa, yana tishe, kafin izu sittin su zauna masa. A yini ɗaya duk ya tafi. A gefe guda kuma littattafan jama'a, waɗanda warƙoƙi ne marasa ɗinki a cikin gafaka, ana ta yawo da su a bayan raƙuma, ruwa na duka, gara na jira. Yarinyar da ta ga haka da idonta ta san cewa ilimin da ke kai kaɗai yana mutuwa da mai shi, na takarda kaɗai kuma yana iya ruɓewa a cikin jaka. A ganina duk aikin da ta yi daga baya a kan wannan sani ya tsaya.

Ta auri Gidado ɗan Laima, aminin wanta Muhammadu Bello, tun kafin a ci Alƙalawa a 1808. Aka kafa Sakkwato a 1809, Shehu ya rasu a 1817, Bello ya zama Sarkin Musulmi, Gidado ya zama Wazirinsa. A gidan nan nasu ne ake kula da baƙin daula, har da Baturen nan Clapperton da ya zo Sakkwato a 1824, ya sake dawowa ya rasu a can a 1827. Ta haifi 'ya'ya maza, cikinsu har da Abdulƙadir wanda ya gaji ubansa a sarautar Waziri. Tana cikin raino da hidimar babban gida ta rubuta littafinta na farko da aka sani, Tanbihul Gafilin, da Larabci, a 1820. Ita da mijinta kuma suka ɗauki nauyin tattara rubuce-rubucen Shehu da tsara su, aikin da ba wanda zai iya sai wanda ya san littattafan ciki da waje, domin warƙa ɗaya in ta ɓace daga mazauninta, sai mai ilimi ne zai gane daga ina ta fito.

Matsalar da ta tarar a gabanta ba ƙarama ba ce, kuma gara a faɗe ta yadda take. Yaƙe-yaƙen jihadi sun bar zawarawa da marayu, sun kuma kawo ɗimbin mata da aka kamo daga Gobir da Kabi da sauran wurare, aka zaunar da su a gidaje da ƙauyukan da ke kewaye da Sakkwato da Wurno. Waɗannan mata Hausa suke ji, ba Fulatanci ba, balle Larabci. An raba su da garuruwansu da danginsu, kuma abin da suka sani na neman sauƙi idan ciwo ko baƙin ciki ya zo shi ne bori. Su ne kuma masu goyon 'ya'yan da za su zama jama'ar gobe. Takobi ya kafa daula, amma ba ya shiga tsakar gida ya koya wa mace alwala. Matar aure mai goyo ba za ta baro tukunya a kan murhu ta taho birni karatu ba, malami namiji kuma ba zai shiga mata ɗaki ba. Takarda tana da tsada, daga Turai ake kawo ta ta hanyar Tarabulus, kuma ko an ba su ba za su iya karantawa ba.

A shekarun da suka biyo bayan rasuwar Bello a 1837 ne ta tsara abin da aka sani da 'Yan Taru. Daga kowane yanki za a sami dattijuwa mai hankali da riƙon amana, a naɗa ta jaji. Mu mutanen Parakou da Djougou bai kamata wannan kalma ta yi mana baƙunta ba, domin daga bakin fatake ta fito, jagoran ayari ke nan, irin ayarin da ke bi ta garuruwan nan namu zuwa Gwanja ɗauko goro. Jaji za ta taro matan da suka wuce shekarun haihuwa da 'yan matan da ba su kai aure ba, wato waɗanda gida zai iya saki, ta jawo su a ƙafa har gidan Nana. Su zo da ɗan abin sadaka, hatsi ko zuma ko zare, wanda ake rabar wa mabuƙata. Su zauna a karanta musu, a fassara musu, su riƙe, su koma ƙauye su shiga gida-gida suna biya wa matan da ke kulle. Alamar naɗin jaji kuwa malfa ce da jan ƙyalle a ɗaure. Malfa fa ita ce alamar Innar Gobir, shugabar 'yan bori. Nana ba ta ƙona hular ba, ta ɗauke ta ta aza wa malama. Matar da ta saba ganin mai malfa ta rusuna, yanzu ma za ta rusuna, sai dai abin da ke fitowa daga bakin mai malfar ya sauya. A makarantar horon malamai ta Djougou an nanata mana cewa sabon ilimi a kan tsohon da yaro ya zo da shi yake kamawa. Ban taɓa ganin misalin da ya kai wannan ba.

Littafin karatun 'Yan Taru shi ne waƙa, kuma a nan nake son in daɗe, domin a nan gwanintar take.

Ɗauki waƙarta ta sunayen surorin Alƙur'ani. Surori 114 ne. Ka ba babban mutum jerin sunaye 114 ka ce ya riƙe su a jere, zai sha wuya. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, George Miller, ya nuna a 1956 cewa abin da hankali ke iya riƙewa a lokaci guda bai wuce abu bakwai ba, ko sama da haka kaɗan ko ƙasa, sai fa in an ɗaure abubuwan dami-dami, kowane dami ya zama abu ɗaya. Haka muke yi da lambar waya, muna faɗinta biyu-biyu. Nana ta zuba surorin nan duka a cikin baiti 30, kowane baiti da 'yan surorinsa. Ta yi ta da Fulatanci a 1829, da Hausa a 1838, da Larabci a 1850. Kuma baiti ba dami ne kawai ba. Yana da ma'auni, yana da amsa-amo. In kalma ta faɗi, ƙafar waƙar za ta gurgunce, kunne ya ji, baki ya koma ya nemo. Wato waƙar da kanta take gyara mai rera ta, ko malama tana nesa da tafiyar kwana uku. Jimlar zube ba ta da wannan mai gadi: ka yar da rabinta, sauran ya tafi lafiya lau ba wanda ya sani.

Sai maganar harshe. Ta iya Larabci har tana musayar baitoci da malaman da ke zuwa daga nesa, amma abin da take so talaka ya riƙe, da Hausa ko Fulatanci take yin sa. Ta mayar da waƙar Shehu, Tabbat Haƙiƙa, daga Fulatanci zuwa Hausa. Ta ɗauki littafin Bello na Larabci a kan salihan mata ta mayar da shi waƙa, wadda Hausarta ake kira Tawassuli ga Mata Masu Albarka. Ta yi Godaben Gaskiya. Dalilin wannan, wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya auna shi da agogo a hannu, ya buga sakamakon a 1885, shekara ashirin da ɗaya bayan rasuwarta. Mutumin nan kansa ya mayar abin gwaji. Ya ƙirƙiro gaɓoɓi marasa ma'ana sama da 2,000, yana haddace su jeri-jeri, yana duba yawan abin da ya rage masa bayan wani lokaci ta hanyar auna sauƙin da zai samu in ya sake koyo. Bayan minti 20 abin da ya rage kashi 58 ne cikin ɗari, bayan awa ɗaya 44, bayan kwana ɗaya wajen 34, bayan wata ɗaya 21. Da ya gwada da baitocin waƙa masu ma'ana kuwa, sai ya tarar wahalar haddarsu ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na wahalar gaɓoɓin banza ba.

Wannan lissafi yana yi mini ciwo duk lokacin da na tuna shi. Yaron da ya shigo CI daga gidan da ake Hausa ko Dandanci ko Barbanci ko Fulatanci, ranar farko da Faransanci muke tarbarsa. A kunnensa, jimlar da ke kan allo da gaɓoɓin Ebbinghaus duk ɗaya ne. Zai maimaita, zai ma yi ta da murya mai daɗi, amma awa ɗaya bayan tashi fiye da rabi ya zube. Sai a ce yaron ba shi da kai. Wannan yaron da yamma zai rera maka waƙar wasa mai tsawo ba tuntuɓe, zai lissafa maka canjin jaka biyu a kasuwar Arzeke kafin ka buɗe baki. Ba ina cewa a bar Faransanci ba ne, da shi za a rubuta CEP, da shi za a nemi aiki. Amma minti biyu da malami zai ɗauka ya warware ma'anar da harshen da yaro ke mafarki da shi, ya fi maimaici ashirin a cikin duhu.

Abu na gaba shi ne tazara. Ebbinghaus ya gano cewa jerin da ya maimaita sau 68 a rana ɗaya, maimaici 38 kacal ya ishe shi in ya raba su a kwana uku. Ƙwaƙwalwa ta fi riƙe abin da aka bar shi ya fara dusashewa sannan aka sake tono shi. Alarammomi sun san wannan tun kafin a haifi kakan Ebbinghaus, shi ya sa ba a ƙara wa almajiri sabon allo sai ya kawo na jiya, shi ya sa gardi ke tashi da asuba yana tishen abin da ya wuce. Hadisi ma ya kamanta Alƙur'ani a ƙirjin mai shi da raƙumin da ke ɗaure, wanda in an daina kula da shi sai ya kwance ya tafi. Nana ta san ɗalibanta ba su da lokacin zaman tishe. Mace ce mai daka, mai kaɗi, mai ɗebo ruwa. To waƙa ba ta buƙatar hannu. Ana daka ana rerawa, ana kaɗa zare ana rerawa, ana lallashin yaro ana rerawa. Aikin gida da ya hana su karatu shi ya koma lokacin bita, kullum kaɗan-kaɗan, sannan in lokacin ziyara ya zagayo a koma gaban malama a biya, a gyara, a ƙaro.

Kuma biyawar nan da ka ake yin ta, ba a duba komai. Binciken da Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka buga a Amurka a 2006 ya nuna cewa ɗaliban da suka rufe takarda suka yi ƙoƙarin tuno abin da suka karanta, bayan mako ɗaya sun fi riƙewa a kan waɗanda suka yi ta sake karantawa, duk da cewa masu sake karantawar su suka fi jin sun iya. Wannan jin an iya shi ne babban mayaudari. Na sha ganin uwa ta ce ɗanta ya kwana yana karatu, alhali ido kawai yake bi da shi a kan kaye. Da ta karɓe kayen ta ce faɗa mini abin da ke ciki, ko ita ba ta iya karatun boko ba, da ta yi masa aikin da ya fi na fitilar da ya ƙona. Jaji kuwa nata ya fi haka nauyi: ta san in ta koma ƙauye mata za su kewaye ta, wata za ta yi tambaya, wata za ta yi gardama. Wanda ya san gobe shi zai koyar, sauraronsa na yau daban ne.

A nan ne nake rabuwa da wasu abokan aikina da suka ɗauki hadda duk a matsayin karatun aku. Wanda bai riƙe komai a ka ba, da me zai yi tunani? Yaron da bai haddace jadawalin sau ba, duk ƙarfinsa a kan bakwai sau takwas zai ƙare, kafin ya iso ga ainihin tambayar ya gaji. Amma ina rabuwa kuma da masu ganin in yaro ya rera shi ke nan ya sani. Waƙoƙin Nana ba su kaɗai suke tafiya ba. Kowane baiti kamar ƙugiya ne da aka rataye bayani a jikinsa, kuma jaji ce ke sauke bayanin. Sunan mace saliha ɗaya a cikin baiti, labarinta na iya cin dare guda. Sannan akwai abin da baki ba ya koyarwa. Alwala, tsayuwar salla, wankan gawar mace, kula da mai jego da marar lafiya, waɗannan sai an gani, an yi da hannu, an yi kuskure, wadda ta iya ta kama hannun ta gyara. Abin da jiki ya koya ta wannan hanya shi ne mafi wuyar mantuwa, shi ya sa wanda ya iya keke ko saƙa yana yaro ba ya sake koyo. 'Yan Taru sun haɗa duka biyun a cikin mutum ɗaya, mai zuwa har ɗaki.

A zamanin da take raye, a Ingila, Joseph Lancaster ya buɗe makaranta a Landan a 1798 inda manyan ɗalibai ke koyar da ƙanana saboda ƙarancin malamai. Tsarinsa ya yi tashe ya bazu ƙasashe, amma daga baya aka watsar da shi, domin yaran da ake sa wa koyarwar ba su fi waɗanda suke koya wa da komai ba sai darasi ɗaya. Nana ba ta ɗora nauyin a kan yara ba. Ta zaɓi matan da rayuwa ta riga ta gasa, waɗanda in sun yi magana a ƙauye ana ji, ta kuma riƙe su kusa da ita shekara da shekaru.

Yadda ta riƙe su ya fito a cikin marsiyyoyinta. Ta yi wa Bello, ta yi wa mijinta Gidado, ta yi wa aminiyarta A'isha. Amma ta yi wa Halima, maƙwabciyarta, mace talaka mai sulhunta dangi, ta kuma yi wa jaji Hauwa'u, wadda ta yi shekaru tana jawo mata zuwa gare ta. 'Yar Shehu, ƙanwar Sarkin Musulmi, matar Waziri, uwar Waziri, ta zauna ta tsara baitoci saboda malamar ƙauye ta rasu. Marsiyyar ma darasi ce, domin halayen da ta yaba a cikinta su ne take son masu rerawa su ɗauka. Tarihin hijira da yaƙe-yaƙen da ta gani tana yarinya shi ma ta zuba shi a waƙa da Fulatanci, ƙanenta Isa ya mayar da ita Hausa, ita ce Waƙar Gewaye. Abin da ya iso mu na rubuce-rubucenta ya haura 60.

Ta rasu a 1864 tana da shekara saba'in da 'yan kai, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta a Sakkwato. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da karɓar 'Yan Taru tana naɗa jajis, bayanta kuma Ta Modi ta karɓa. Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, aka kawo boko, aka kawo sabon tsarin mulki, matan ƙauye ba su fasa zuwa ba. Warƙoƙinta kuwa suka zauna a gidan Waziri har zuwa hannun jikanta na nesa, Waziri Junaidu, wanda ya buɗe su ga Jean Boyd, wata malamar makaranta 'yar Ingila da ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato. Ita ta fitar da tarihin Nana a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka buga tarin ayyukanta a 1997. Lokacin da Boyd ta shiga ƙauyukan Sakkwato tana bincike, ta tarar da tsofaffin mata masu sarautar jaji, da malfarsu, suna rera baitocin da ka.